Wa Za Mu Mayar Dodo?

Mu ɗalibai ne a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, muna haɗa gajeren fim mai rikita tunani. Da farko mun bi al'adar da aka gada tun Psycho na 1960: mai taɓin hankali shi ne makashi. Sai ranar wata Juma'a, a hanyar kasuwar Kara, muka ga yara suna jifan wani bawan Allah mai wannan larura. Jikinmu ya yi sanyi. Ashe duwatsu muke shirin ƙara musu.

Ƙa'idar fim ba wahayi ba ce, mutane suka ƙaga ta. Muka sauya labarin: makashin lafiyarsa ƙalau, ga fara'a, kowa na gaishe shi. Hakan ya fi firgitarwa, kuma ba mu ɗauki alhakin marar lafiya ba.