Baftisma Domin Kujerar Makaranta

'Yan'uwa, akwai wata magana a ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, wadda ta isa mu yi tunani a kanta. Daga can ne Fada-Fada da yawa suka zo ƙasarmu suka buɗe makarantu.

A shekara ta 1831 aka kafa makarantun firamare na ƙasar, da nufin 'ya'yan Katolika da na Furotesta su zauna aji ɗaya. Nufin bai cika ba, gama kowace ekklesiya ta ja nata gefe. Gwamnati ce ke biyan malamai, amma mai riƙon makaranta, watau bishop a yawancin wurare, shi ne ke faɗin irin tarbiyyar da za a yi. Har wa yau kusan tara cikin goma na makarantun suna hannun Katolika. A ƙauyuka da dama makaranta ɗaya ce tak, iyaye ba su da zaɓi.

Ga abin da wannan ya haifa. A da, inda yara suka fi kujeru yawa, makaranta ta kan fara ɗaukar masu takardar baftisma. Sai waɗansu iyaye da ba su gaskata kome ba suka riƙa kai jariransu a yi masu baftisma, domin su sami wuri. Ku duba wannan da kyau. Uba ya tsaya gaban Allah da jama'a, ya yi alkawari da baki, zuciyarsa kuwa tana wurin rajistar makaranta. Laifin wa ke nan? Na uban ne, hakika. Amma wanda ya tsare ƙofa har sai an yi masa ƙarya kafin ya buɗe, ba na tsammani hannunsa tsarkakakke ne. A 2018 aka yi doka ta hana makarantun Katolika neman wannan takarda.

Tun 1978 waɗansu iyaye a garin Dalkey suka buɗe makaranta ta yaran kowane addini. A 2011 ministan ilimi, Ruairi Quinn, ya naɗa kwamiti, wanda ya ba da shawara a 2012 a tambayi iyaye, a miƙa waɗansu makarantu ga waɗansu masu riƙo. Babban Bishop na Dablin a lokacin, Diarmuid Martin, shi da kansa ya yarda makarantun sun yi wa ekklesiya yawa. Duk da haka kaɗan ƙwarai aka miƙa. Kowa ya yarda a ba da makaranta, muddin ba ta unguwarsu ba ce.

Ba na raina tsoronsu. Mu da gwamnati ta karɓe mana makarantun mishan wajen shekarun 1970 mun san zafin abin. Amma namu ƙwace aka yi, su kuwa tambayar iyaye a ke yi, kuma wanda ya ke son makarantar addini ga ɗansa ba a hana shi ba. A ganina Allah ya danƙa yaro ga iyayensa tun kafin bishop ko gwamnati su san sunansa. Idan haka ne, uwa mai bi ba ta da ikon cewa a ji muryarta, a ƙi jin ta maƙwabciyarta marar bi, wadda ita ma da harajinta a ke biyan malamin.