Suna linzami: madubin mota a gaban ƴan duwan

Ɗan kasuwa ya shigo da kwali cike da madubin mota, irin wanda direba yake duba baya da shi. A ofishin duwan aka tambaye shi: mene ne wannan? Tambayar kamar ta yara ce, amma amsarta kuɗi ce. A wurin makaniki, madubin nan kayan mota ne. A wurin duwan kuwa, gilashi ne.

Ga dalili. Tun shekarar 1988 ƙasashen duniya suke aiki da kundi guda na rarraba haja, wanda Hukumar Duwan ta Duniya mai mazauni a Buruksel take kula da shi. Kayan gyaran mota da na ƙarinta, kamar birki da bel ɗin ɗaure fasinja, suna ƙarƙashin lamba 8708. Amma kundin ya kai madubin duba baya lamba 7009 cikin dangin gilashi, taya lamba 4011 cikin dangin roba, kujerar mota kuma lamba 9401 tare da kayan ɗaki. Lambar nan ita take yanke haraji. A shekarar 2000 ƙasashen UEMOA suka kafa harajin bai-ɗaya mai matakai huɗu: 0, 5, 10 da 20 cikin ɗari, a 2015 tsarin CEDEAO ya ƙara na biyar, wato 35. Hajar miliyan goma ta sefa, in ta tashi daga matakin 10 zuwa na 20, harajinta ya tashi daga miliyan ɗaya zuwa biyu.

To, wanda ya zaɓar wa hajarsa sunan da ya fi sauƙin haraji, ya yi ƙarya ke nan? Wani zai ce a'a: sunayen nan mutane ne suka ƙaga su, kuma suna sake su duk bayan ƴan shekaru, saboda haka babu wata gaskiya a ciki da za a saɓa. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta isa ba. Mudu ma mutane ne suka ƙaga shi, kuma girmansa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Duk da haka ba wanda yake musun cewa tauye mudu zalunci ne. Abin da jama'a suka yarda su auna da shi ya zama amana.

Sai dai a raba tsakanin shakka da ganganci. Na'urar da ta haɗa rediyo da allon kallo da taswirar hanya tana iya rikita gwanaye ma, kuma kundin kansa ya tanadi ƙa'idoji shida na warware irin wannan. Ɗan kasuwar da ya bayyana hajarsa yadda take, sannan ya kare lambar da yake gani daidai, haƙƙinsa ya nema. Wanda kuwa ya san abin da ke cikin kwali ya rubuta wani suna daban, ba baitulmali kaɗai ya cuta ba. Ya cuci maƙwabcinsa na rumfa da ya faɗi gaskiya, wanda dole kayansa su fi tsada.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikacin da yake ɗaga lambar haja domin a zo a roƙe shi ya sauke, shi ma sunan ya mayar abin ciniki. Hukuma kuma, muddin kundin yana cikin Faransanci alhali yawancin fataken Maraɗi da Damagaram da Hausa suke kasuwanci, ta bar su a hannun dillalai. Dokar da mutum ba ya iya fahimta, da wuya a ce laifin saɓa ta nasa ne shi kaɗai.

Nan aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu ya shigo: a fassara ƙa'idojin nan, a bayyana su, a kuma koya wa yara tun a aji cewa kiran abu da sunansa alkawari ne tsakanin mutum da jama'a.