Tukuici Kyauta Ce Ko Hakki Ne?

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan ci, a can bakin iyakar ƙasar Gumel da Jamhuriyar Nijar. Tun daga ranar Laraba a ke ganin garkunan shanu da raƙuma da tumaki suna gangarowa daga wajen Damagaram, manyan motoci kuwa suna haurowa daga kudu domin su kwashe su. A gefen garin akwai filin nan da aka keɓe domin ciniki marar kuɗin fito, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya riƙe Jihar Jigawa daga 1999 zuwa 2007. Inda mutane suka taru haka kuwa, tilas a ci abinci. Saboda haka rumfunan masu tuwo da shinkafa da masu shayi ba su hutawa tun daga hantsi har bayan isha'i.

A kowace rumfa akwai wanda ba a cika kula da shi ba, watau yaron da ke kai kwano. Shi ke kawo ruwan wanke hannu, shi ke ajiye abinci gaban baƙo, shi ke komawa ƙarin miya, shi ne kuma ke shan tsawa in an ga jinkiri. To, a ɗauka cewa fatake biyu sun ci sun ƙoshi, sun biya uwar rumfa. Ɗaya ya miƙa wa yaron canjin da ya rage ya ce, "Ungo, yaro, ka sha ruwa." Ɗayan ya ce, "Haba Alhaji, ai mun biya. Ladansa yana wuyan wadda ta ɗauke shi aiki. In ka saba masa da haka, gobe talaka ya zo ba zai dube shi ba." Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma ba a gane iyakar gaskiyar kowa sai an san abin da a ke nufi da tukuici tun asali.

A al'adar Hausa, in wani ya aiko wa mutum da kyauta, ko riga ce ko rago ko akushin tuwo, wanda aka kawo wa yakan ba ɗan aiken wani abu kaɗan. Wannan shi ne tukuici. Ba kuɗin rigar ba ne, domin kyauta ba a biyanta. Ba kuwa ladan tafiyar ɗan aiken ba ne, domin yana da ubangidansa mai ci da shi da tufatar da shi. Alama ce ta cewa kyauta ta karɓu, an kuwa girmama mai aikowa ta hanyar faranta wa manzonsa rai. Shi ya sa wanda ya karɓi babbar kyauta ya sallami ɗan aike hannu wofi, mutane sukan ce bai san ya kamata ba, amma ba alƙalin da zai kira shi. Hausa tana da sunaye dabam dabam na irin waɗannan ƙananan kuɗi, kowanne da gurbinsa. Goron albishir na mai kawo labari mai daɗi ne. Gyara ita ce abin da mai awo ke ƙara wa mai saye. La'ada kuwa hakkin dillali ce, in saniya ta sayu a kara ta Maigatari ba ya roƙonta, karɓa ya ke yi, an kuwa san adadinta tun kafin a yi sallama. Mutanen da suka raba waɗannan sunaye haka sun san abin da su ke yi, sun ƙi yarda a cuɗa hakki da alheri cikin ƙwarya ɗaya.

Akwai wata ƙasa inda aka cuɗa su, ya kuwa kamata mai karatu ya ji yadda abin ya ƙare. A Jihar Tekzas ta Amurka akwai wani birni da a ke kira San Antoniyo, wani ɗan kogi ya ratsa tsakiyarsa. Mutumin Gumel ko na Sule Tankarkar, wanda ya saba da rijiya mai gaba da yawa, sai ya je Haɗeja ko Ringim kafin ya ga kogi, zai yi mamakin yadda ruwa ya taɓa zama wa mutanen can masifa. A watan Satumba na 1921 kogin ya yi ambaliya, ya ci mutum wajen 50. Waɗansu suka ba da shawara a rufe hannun kogin da ya zagaya cikin gari a huta. Sai wani mai zanen gine-gine, Robert Hugman, ya kawo tasa shawarar a 1929, cewa a bar ruwan, a yi masa hanyoyin ƙafa a gaɓoɓinsa biyu, da matakala da ƙananan gadoji. Aka fara aikin a 1939 da kuɗin gwamnati, aka gama a 1941. A 1946 aka buɗe gidan abinci na farko a bakin ruwan, sunansa Casa Rio. Bayan babban bajekolin duniya da aka yi a birnin a 1968, wurin ya zama matattarar baƙi masu yawon buɗe ido. Hanyar tana ƙasa da titunan gari, mutum sai ya sauka matakala, ya tarar da inuwar itatuwa, da jiragen ruwa cike da baƙi suna wucewa a hankali, da tebura jere ƙarƙashin laimomi masu launi iri iri.

Baƙo ya ga wannan sai ya ce duniya ta yi daɗi. Amma tsakanin teburan nan akwai sabis, namiji ko mace, ɗauke da faranti, yana murmushi tun safe har dare. Dokar gwamnatin tarayyar Amurka ta ce mafi ƙarancin ladan ma'aikaci dala 7.25 ne a sa'a guda, haka ya ke tun 2009. Amma tun 1966 aka yarda wa mai gidan abinci ya lasafta tukuicin da baƙi ke bayarwa cikin ladan yaransa. Saboda haka abin da ya wajaba ya fitar daga aljihunsa dala 2.13 ne kaɗai a sa'a, wannan adadi kuwa bai motsa ba tun 1991. Tekzas tana cikin jihohin da ke bin wannan. In sabis ya yi sa'a 8 a tsaye, ubangidansa ya ba shi dala 17.04, alhali cikakken ladan yinin dala 58 ne. Sauran sai daga hannun baƙi, waɗanda al'ada ta ɗora musu ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abinci. Gaskiya ne doka ta ce in tukuici bai cike giɓin ba, maigida ya cike. Amma yaron da ke tsoron kora, da wane bakin zai tsaya yana lissafi da ubangidansa?

Wannan hali yana da tushe. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, aka 'yanta bayi baƙar fata, suka fito neman abin yi. Wani attajiri, George Pullman, mai taragan kwana na jirgin ƙasa, ya ɗebi da yawa daga cikinsu su yi wa fasinja hidima, yana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sauran su nema wajen matafiya. Fasinja ba su ko damu da sanin sunayensu ba, kowanne sai a kira shi George, da sunan ubangidansa. Sai a 1925 suka kafa ƙungiyarsu ƙarƙashin A. Philip Randolph, ba su kuwa sami yarjejeniya da kamfanin ba sai 1937. A can ma an yi masu ƙin wannan al'ada. Jihar Washinton ta hana tukuici da doka a 1909, waɗansu jihohi suka bi ta, amma zuwa 1926 duk an soke dokokin, domin ba mai iya tsaron hannun da ke miƙawa a ɓoye.

Illar abin ba ta tsaya ga ƙarancin kuɗi ba. Mutumin da aka yanka wa lada ya san abin da zai kai gida, in ya ƙi aiki a kore shi, in ya yi a biya shi, mutuncinsa yana hannunsa. Wanda abincinsa ya rataya ga ganin damar baƙo kuwa, kullum yana karatun fuskoki. In an yi ruwan sama baƙi ba su sauko bakin kogi ba, shi ya yi hasara. In mai dafuwa ya cika gishiri, shi za a rage wa. In wani ya faɗa masa maganar banza, musamman in mace ce, sai ta haɗiye, domin kuɗin hayar ɗakinta yana aljihun mai maganar. Sannu a hankali kuma ido yakan koyi auna mutane ta tufafinsu, a ruga wajen mai babbar riga, a bar mai tsumma yana ta ɗaga hannu. Nan maganar falke na biyu ta tabbata. Abin da ya fi ban haushi, wanda ya fi kowa cin riba shi ne maigida, ya rubuta kuɗin abincinsa da araha, ya tura wa baƙo nauyin da ke kansa, sa'an nan in yaro ya kwana da yunwa a ce rowar baƙi ce.

To, sai a daina bayarwa ke nan? Sam. A nan ne falke na biyu ya yi kuskure. Mutumin da ya je San Antoniyo ya ci abinci, ya tashi bai bar kome ba yana cewa shi bai yarda da wannan al'ada ba, bai taɓa maigida da kome ba, maigida ya riga ya karɓi nasa cif. Sabis ya ƙwara, wanda ba shi ya shirya dokar ba. An bar jaki ana dukan taiki. A wurin da aka gina lada bisa tukuici, sunansa kaɗai ya rage tukuici, amma ya riga ya zama hakki, hana shi kuwa cin gumin ma'aikaci ne. Wanda ya ƙi tsarin, hanyarsa ita ce ya ci a inda a ke biyan yara cikakken lada, ko ya goyi bayan a sāke doka, kamar yadda jihohi irin su Kalifoniya ba su yarda a lasafta tukuici cikin mafi ƙarancin lada ba. Akwai ma sabis da yawa, musamman na manyan gidaje, da ke samun abin da ya fi albashi ta wannan hanya, ba su kuwa so a taɓa ta. Wannan ma gaskiya ce, sai dai ba su ne masu yawan wahala ba.

Waɗansu ƙasashe sun bi ta wata hanya. A Faransa an haɗa kuɗin hidima cikin kuɗin abinci, abin da baƙo ya ƙara na ganin dama ne, sunansa a bakinsu kuwa ma'anarsa "na sha", daidai da yadda Bahaushe ke cewa a sha ruwa. Wannan kalma ta bi su har Yamai, inda baƙi kan zauna a gidajen abinci na bakin Kwara da yamma suna kallon gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. A Japan kuwa ba a san abin ba, wanda ya bar kuɗi bisa tebur ana iya bin sa da gudu a mayar masa, a zaton mantuwa ya yi.

Akwai kuma wani rami a gefen wannan hanya wanda mutanen ƙasar nan suka fi sani. Tukuici da cin hanci maƙwabta ne, katangar da ke tsakaninsu kuwa gajeriya ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙ, ya lasafta gaisuwar da a ke kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun sarakunan da ya tarar. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa a Kaduna yana neman a gyara mulkin En'e, cin hanci kuwa yana cikin abubuwan da ya yi kuka da su. Masu karɓa ba su taɓa kiransa da sunansa ba, kullum goro ne ko tukuici. Amma ana gane su. Tukuici yana zuwa bayan an gama aiki, hanci kuwa yana gaba, aikin yana jiransa. Tukuici ana ba da shi a bainar jama'a, ɗan aike ma yakan koma ya nuna wa ubangidansa, hanci sai a lungu. Wanda bai ba da tukuici ba, kunya kaɗai ya sha. Wanda bai ba da hanci ba, takardarsa ta ɓace. Ma'aikacin ofis ko na bakin iyaka da gwamnati ke biya, in ya ce sai an ba shi na goro kafin ya buga hatimi, ba shi da alaƙa da yaron da ke kai kwano, ko da kalmar da su ke faɗi ɗaya ce.

A rumfunan Maigatari dai ba a san ƙarin kashi kaza cikin ɗari ba, wanda ya ba yaro canji alheri ya yi, falke na farko ba shi da laifi. Inda za a sa ido shi ne bakin uwar rumfa ranar da ta ke ɗaukar sabon yaro. Da yawa daga cikin yaran nan almajirai ne ko 'yan ƙauyukan Gagarawa da kewaye da suka zo cin rani, ba takarda, ba shaida, wani ma ladansa ƙanzo ne da sauran miya. In ta ce masa, "Kaza zan riƙa ba ka kowace kasuwa, abin da ka samu wajen baƙi kuwa rabonka ne," to, ciniki ya yi. In kuwa ta ce, "Ai alhazan kudu suna da sakin hannu, za ka samu," ta yi shiru a kan nata, to, yaron zai wuni ranar Alhamis yana kallon aljihun mutane, ranar Juma'a kuwa, da kasuwa ta watse motoci suka tafi, ba wanda zai iya bi bashi.