SHIN DA GASKE YARAN ZAMANI SUN LALACE?

Jiya bayan sallar Isha'i wani dattijo ya nuna min bidiyo a wayarsa: yara uku suna rawar banza a TikTok. Ya ce, "Malam, ai shi ke nan, yaran yanzu an yi asararsu." Na ce, Baba, yara nawa ka gani? Ya ce uku. Na ce to, nawa muka bari a islamiyyar dare yanzu? Sai ya yi shiru.

'Yan uwa, ƙwacen waya da daba da shaye-shaye gaskiya ne, duk mazaunin Kano ya sani. Amma kafafen nan abin da zai tayar da hankali suke ci da shi. Yaron da ya zaro wuƙa labari ne. Wanda ya haddace izu 60, ko yake tura baro yana ciyar da mahaifiyarsa, ba mai ɗaukarsa. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, kusan duk matasa ne a ciki. Sau nawa ka tura bidiyonsu?

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labari, aya ta 12 kuma ta hana yawan zato. A Sahihu Muslim akwai gargaɗi mai tsanani ga mai yanke wa mutane hukuncin halaka gaba ɗaya. Mu masu hawa mumbari ma, wallahi, muna faɗawa ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan kallo ya shigo masallaci. Da idona na ga an janye yaro ɗan shekara 16 daga sahun gaba saboda askinsa. Har yau bai dawo ba, kuma ni ma na yi shiru a ranar, Allah Ya yafe min.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wani saurayi ya nemi Annabi (SAW) ya yi masa izinin zina. Sahabbai suka yi masa ca. Shi kuwa Manzon Allah ya matso da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa ko 'yar uwarsa haka, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Saurayin bai sake waiwayar wannan abu ba.

Yaron nan mai aski, na samu wanda ya san gidansu. Gobe bayan La'asar, in sha Allahu, zan je da kaina.