Wa Zai Shaidi Mai Shaida?

 Ya 'yan'uwa masu karatu, abin da za mu tattauna a wannan mako wata tambaya ce da wani bawan Allah ya tare ni da ita bayan an sallame sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki. Sana'arsa haɗa wayar lantarki a gidaje da shaguna, yawanci a Kawo da Unguwar Dosa da Malali. Ya ce mini, "Malam, idan na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sayen waya, sai in duba hatimin da ke jikinta in saya. Ban ga inda aka gwada ta ba, ban san wanda ya gwada ba. To, idan ta yi zafi ta ƙone shagon mutum, ko ta kashe yaron da nake koya wa aiki, a wuyan wa alhakin yake?"

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin kuwa ba shi kaɗai ta shafa ba. Mai walda a Panteka ya dogara ga baƙin gilashin da ya tare idonsa da shi. Birkila a kan bene ya dogara ga hular kwanon da ke kansa. Mai tuyar ƙosai ta dogara ga tukunyar gas da ke gefen ƙafarta. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya gane mai kyau daga marar kyau da ido. Waya tana iya zuwa da launin jan ƙarfe, alhali cikinta wani ƙarfe ne mai araha da aka yi wa rufi, ko kuwa an rage kaurinta, sai ta riƙa ɗaukar zafi har robar jikinta ta narke. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a nan gani bai kori kome ba, sai dai a dogara ga maganar wanda ya gwada.

Wanda ya gwada ɗin nan shi ne ɗakin gwajin kaya, watau wurin da masana suke auna kaurin waya, su matsa wa tukunyar gas su ga iyakar abin da za ta iya jurewa, su saki ƙarfe mai nauyi a kan hular kwano su ga ko za ta tsage. Idan sun gama sai su rubuta takarda cewa kaya ya cika sharaɗi. To, wannan takarda, in mun dube ta da idon shari'a, ba kome ba ce illa shaida. Mutane ne suka halarci abin da mu ba mu halarta ba, suka zo suna gaya mana abin da suka gani, mu kuma muka gina hukunci a kan maganarsu. Da yake haka ne, duk abin da malamanmu suka faɗa game da mai ba da shaida ya hau kansu.

Malaman fiƙihu ba su taɓa yarda a karɓi shaidar kowa da kowa ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya sharɗanta cewa shaidu su kasance daga waɗanda aka yarda da su, a aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuma ya yi umurni da a yi bincike a kan labarin da fasiƙi ya kawo. Daga nan ne aka sami babin da ake kira tazkiyya, watau idan alƙali bai san mai shaida ba, sai ya nemi waɗansu adilai da suka san shi su tabbatar da adalcinsa. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya bayyana cewa mutum ɗaya bai isa ba a wannan al'amari, ya kuma bayyana cewa ba a karɓar shaidar abokin husuma, ko wanda ake tuhuma, ko wanda yake jawo wa kansa amfani da shaidar da ya bayar. An ruwaito kuma cewa wani mutum ya zo zai tabbatar da adalcin wani a gaban Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da mutumin ya ce babu ko ɗaya, sai Sayyidina Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba ke nan. Ganin mutum yana sunkuyar da kai a masallaci bai isa tazkiyya ba.

Abin da gwamnatocin duniya suke yi a yau game da ɗakunan gwaji, in an cire sunayen Turanci, wannan tazkiyya ce. A Amurka an kafa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa tun 1894, wanda ake kira Underwriters Laboratories, saboda gobarar da wutar lantarki take haddasawa. A 1970 suka yi dokar kare lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, a 1988 kuma hukumar da ke kula da wannan doka ta fito da tsarin da kowane ɗakin gwaji mai zaman kansa zai bi kafin ta amince da hatiminsa a kan kayan da ake aiki da su. A nan ƙasarmu, an kafa Hukumar Kula da Ingancin Kaya, wadda aka fi sani da SON, da dokar soja mai lamba 56 ta 1971, an kafa NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a 1993. A 2015 kuma aka kafa NiNAS, wadda aikinta shi ne ta binciki ɗakunan gwajin su kansu, ta shaida wanda ya cancanta. Ma'aunin da ake bi a duniya wajen wannan bincike shi ne wanda ake kira ISO/IEC 17025, wanda ya fara fitowa a 1999, aka sabunta shi a 2005 da 2017.

Yadda ake yin binciken abin lura ne ga ɗalibin ilmi. Masu bincike sukan je ɗakin da kansu, su duba iliminsu da ƙwarewar ma'aikata, su duba ko an daidaita na'urorin awo da wani ma'auni da ya fi su inganci, su tsaya a yi gwajin a gabansu. Akan raba samfuri iri ɗaya ga ɗakuna da dama, a ga wanda sakamakonsa ya kauce wa na sauran. Ba a ba ɗaki shaida a kan kome da kome, sai a kan gwaje-gwajen da aka ga ya iya, don haka wanda aka amince masa a kan gwajin ruwan sha ba shi da ta cewa a kan wayar lantarki. Sa'an nan akan riƙa komawa lokaci lokaci, wanda aka tarar ya yi sakaci a dakatar da shi. Wanda ya karanta ilmin hadisi zai tuna cewa malamai sun sharɗanta abu biyu ga mai ruwaya, adalci da kiyayewa. Mutumin kirki mai yawan mantuwa ba a karɓar ruwayarsa, mai kaifin hadda maƙaryaci shi ma haka. Sun kuma lura da cewa amintaccen mai ruwaya yana iya rikicewa a ƙarshen rayuwarsa, sai su rarrabe abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar da na bayanta. Na'ura ma tana tsufa, ma'aikaci ma yana canjawa, saboda haka shaidar bara ba ta isar wa bana.

Amma fa akwai wani ƙulli a nan wanda ya wajaba mu tsaya a kansa. Wa yake biyan ɗakin gwaji mai zaman kansa? Mai kayan da ake gwadawa ne. Ashe ke nan muna da mai shaida wanda abincinsa yake hannun wanda yake yi wa shaida. Idan ya faye tsanani, mai kaya ya kwashe cinikinsa ya kai wani wuri. Wannan kuwa ya yi kama ƙwarai da mai jawo wa kansa amfani, wanda muka ce ba a karɓar shaidarsa. Wani zai ce, to, a hana masu zaman kansu, gwamnati ta riƙa gwada kome da kanta. Wannan magana tana da nauyi, sai dai ba ta warware ƙullin ba. Kayan da ke shigowa kasuwa sun fi ƙarfin ɗakunan gwamnati, sa'an nan ma'aikacin gwamnati shi ma ɗan Adam ne, hannunsa yana iya karɓa. Idan kuwa wanda ya kafa doka shi ne mai gwaji, shi ne kuma mai duba mai gwaji, babu ido na biyu ke nan.

Malaman Malikiyya sun bar mana wani bambanci da zai taimaka. Sun halatta wa marubucin takardun ciniki ya karɓi ladan rubutunsa da wahalarsa, amma sun hana mai shaida ya karɓi wani amfani a kan bayar da shaidar da ta wajaba a kansa. Idan muka yi ƙiyasi, kuɗin da ɗakin gwaji ya karɓa domin aikin awo, da albashin masana, da lalacewar na'ura, halal ne, da sharaɗin kuɗin ya zama ɗaya ko kaya ya ci jarrabawa ko ya faɗi. Ranar da kuɗin ya rataya a kan sakamako, ko a fili ko da ƙyaftawar ido, ya tashi daga lada ya koma cin hanci, takardar kuma ta zama shaidar zur, wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin mafi girman zunubai. Aikin hukumar tazkiyya shi ne ta sa faɗar gaskiya ta fi wa ɗakin gwaji riba a kan ƙarya, domin wanda ya san za a ƙwace masa shaidarsa ba zai sayar da ita a kan ciniki ɗaya ba.

Kada wani ya zaci wannan zance ne na takarda kawai. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya shiga kasuwa da guba a cikinsa, domin an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda a maimakon wanda ya dace. Yara 84 aka ba da rahoton sun rasu, Jihar Kaduna tana cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. Gwajin da ya gano gubar bayan yaran sun mutu, da an yi shi a kan sinadarin kafin a zuba shi cikin magani, da ya gano ta tun da wuri. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, manomi mai gaskiya ya sha hukunci tare da marar gaskiya.

To, saura tambaya ta ƙarshe: wa zai shaidi mai tazkiyyar shi kansa? A tsarin duniya, takwarorinta na waɗansu ƙasashe ne suke zuwa su binciki hukumar tantancewa, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma kome tsawon sarƙar, dole ta ƙare a kan wani mutum shi kaɗai a cikin ɗaki, ga na'ura ta nuna masa lamba, ga alƙalami a hannunsa, ba mai ganinsa sai Allah. A nan ne doka take tsayawa, taƙawa ta karɓa. Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu da sikeli narkon azaba, ta kuma tunatar da su ranar tsayuwa gaban Ubangiji. Mai tauye mudun gero yana cutar aljihu ne, mai gyara lambar gwajin tukunyar gas kuwa da rai yake wasa. Sai dai ba a barin al'umma ga taƙawa kaɗai. Manzon Allah da kansa ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Daga irin wannan ne aikin hisba ya samo asali, har wani malamin Malikiyya, Yahya bn Umar, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa fiye da shekara 1000 da suka wuce.

Yanzu sai mu koma ga mai tambayarmu. Amsar ita ce alhakin ya rabu gwargwadon sani da iko. Wanda ya ƙera kaya marar kyau da gangan, ko ya buga hatimin jabu, shi ne a sahun gaba. Ɗakin gwajin da ya sa hannu a kan abin da bai gwada ba yana biye da shi. Jami'in da aka ɗora wa amanar tantancewa ya yi barci, ko ya karɓi goro, ya shiga cikinsu, domin shi ne ya ce wa jama'a su yarda. Ɗan kasuwan da ya san akwai ta gaske akwai ta jabu, ya miƙa ta jabu ya yi shiru, ya yi algus. Kai kuwa, malam mai haɗa waya, idan ka yi iyakar ƙoƙarinka, ka sayi mai hatimi a wurin wanda ka amince da shi, aka yaudare ka, muna fatan babu zunubi a kanka. Amma idan farashin ya yi arahar da kai kanka ka san ba ta yiwuwa, ko ka yanka wayar ka ga cikinta ba jan ƙarfe ba ne, ka rufe ido ka ci gaba da aiki, to, ka zama ɗaya daga cikin shaidun, domin mai gida da yaronka ga maganarka suka dogara.

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a a cikin garin nan da su riƙa neman takardar gwaji daga masu kawo musu kaya, su kuma tambaya wace hukuma ce ta amince da ɗakin da ya rubuta ta, kuma a kan wane irin gwaji. Muna kira ga limamanmu da su sa wannan cikin huɗubobinsu tare da zancen mudu da sikeli. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya tsare mu daga shaidar zur, ya kiyaye ma'aikatanmu a wuraren neman halalinsu, amin.