Kai yara ganin gida a wannan zamani: wajibi ne ko ganganci?



Duk lokacin da makarantu suka ba da hutu, ko Sallah ta matso, magana ɗaya ce ke tasowa a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa: wane zai kai iyali gida bana, wane ya fasa. Wanda zai tafi a ce masa ya cika ganganci, wanda ya fasa kuma danginsa na can su ce Minna ta cinye shi. Kowane ɓangare da hujjarsa ta addini a baki. Shi ya sa muka ga ya dace mu auna maganar nan a tsanake, domin ba mu kaɗai ta shafa ba. Akwai yara 'yan shekara biyu, huɗu, bakwai, waɗanda ba a tambayarsu, sai dai a sa musu sabbin kaya a ce su shiga mota.

Mu nan yawancinmu zuwa muka yi, ko iyayenmu suka zo. Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Layin dogon da ya isa Kano a 1911 ta nan ya bi, kuma shi ya jawo fatake da mahauta da malamai da 'yan ƙwadago daga arewa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da Minna babban birninta, sai wasu suka ƙara kwararowa. Sunan unguwar nan ma ya isa shaida cewa ƙasar Gbagyi ce, su suka karɓe mu, Allah ya saka musu da alheri. Mun gina gidaje, mun aurar, mun binne namu a nan. Amma har gobe idan ɗayanmu ya ce "gida", Kano yake nufi, ko Katsina, ko Zariya, ko Sakkwato, ko wani ƙauye a bayansu.

To, ga inda matsalar take. Gidan nan da muke faɗa, a wurin 'ya'yanmu labari ne kawai. Yaron da aka haifa a Fadikpe ya san Kpakungu da Bosso da Tunga, ya san kasuwar Kure, yana jin Turancin titi, wani ma har da ɗan Nufanci. Amma ka tambaye shi sunan ƙanin kakansa, sai ya tsaya yana kallonka. Akwai gidajen da yaro bai bambanta baffa da kawu, kowa "ankul" ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shari'a ta rataya hukunce-hukunce da yawa a kan sanin dangi: wa ya halatta ka aura, wa ya haramta, wa kuka sha nono ɗaya da shi, wa zai yi wa yarinya walicci idan uba ya faɗi, wa ke da rabo a gado. Mun sha ganin magidanci ya rasu a nan, 'ya'yansa su je neman gonar ubansu a ƙauye a ce ba a san su ba. Kuma wallahi wani lokacin ba ƙarya aka yi ba, ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Saboda haka ziyarar nan, kafin ta zama haƙƙin tsofaffin da ke can, haƙƙin yaron ne a kan ubansa ya nuna masa tushensa.

Za a ce ai yanzu akwai waya, ga WhatsApp, kaka tana ganin jikanta a bidiyo. Gaskiya ne, kuma malamai sun yi bayani cewa sada zumunci yana samuwa da gaisuwa da aike da taimakon kuɗi, gwargwadon hali da al'ada. Wanda ke kiran mahaifiyarsa kullum yana aika mata na cefane ba za a kira shi mai yanke zumunci ba. Sai dai wannan tsakanin manya ne da suka riga suka san juna. Waya tana riƙe zumuncin da ke akwai, ba ta shuka sabo a zuciyar ɗan shekara biyar. Yaro sai ya kwana a ɗakin kakarsa, ta kira shi mai gidanta ta yi masa wasan jika, ya yi kokawa da taubasansa, an aike shi gidan goggo da ƙwaryar fura, ya ga yadda ubansa da yake tsoro yake durƙusawa a gaban wani tsoho, sannan abin ke shiga jininsa. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, sun san abin da suke faɗa.

Yanzu mu juya ga hanyar da za a bi, don ba a cikin littafi za a yi tafiyar ba.

Mai zuwa Sakkwato ko Kebbi zai bi Zungeru, Tegina, Kontagora, ya wuce Yawuri da Jega. A kan wannan hanyar, kusa da Zungeru, aka tare motar fasinja ta gwamnatin jiha a watan Fabrairu 2021, aka shiga daji da mutanen da ke dawowa daga biki, har da mata da ƙananan yara. Biki fa suka je, wato zumuncin nan da muke magana a kai. A cikin watan ne aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara. Ranar 30 ga Mayu na shekarar aka shiga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina aka tafi da yara sama da 100, suka yi kusan wata uku a hannun mutanen nan, wasu ba su dawo ba. Hanyar Birnin Gwari kuwa, wadda a da ita ce yanke zuwa Kaduna da Funtuwa, mutane da yawa sun daina sa ta a lissafi. Mai zuwa Kano sai ya bi ta Lambata ya fita Dikko ya hau titin Kaduna, tafiyar da ta doshi kilomita 500. Jirgin ƙasan da aka ɗauka mafaka ne, shi ma an kai masa hari tsakanin Abuja da Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Lamarin yakan lafa ya kuma tashi, wata hanyar ta yi sauƙi wata ta ɓaci. Ba mun kawo waɗannan don mu tsorata kowa ba, kowa ya san su. Mun kawo su ne don kada wani ya ce mai jin tsoro raunin imani gare shi.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ko kaɗan ya san cewa aikin Hajji, rukuni guda cikin biyar, ba ya wajaba sai da iko, kuma malamanmu na Malikiyya sun sa amincin hanya ga rai da dukiya a cikin ma'anar ikon nan. Idan ziyarar Ɗakin Allah tana jira har hanya ta yi kyau, yaya ziyarar ɗakin kawu? Tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa. Masu cewa "abin da Allah ya rubuta ba makawa" sun faɗi gaskiya, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kuma akwai bambanci tsakanin mutum ya yi kasada da ransa da ya yi da ran wanda aka ba shi amana. Ɗan kasuwa yakan shiga hanyar da bai yarda da ita ba saboda neman abinci, ya san abin da ya zaɓa. Jaririn da ke goye bai zaɓi komai ba. Uwarsa ma sau da yawa ba a nemi shawararta ba, an dai ce mata ta shirya, alhali ita za ta yi fama da kuka da amai da zawo tun daga tasha har a sauka. Magidanci makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

To kenan a zauna? Nan ne muke so mu faɗa wa kanmu wata gaskiya mai ɗaci. Akwai waɗanda garinsu na kan babban titi, motoci na zuwa suna dawowa kullum, su da kansu suna bin hanyar saro kaya sau biyu a wata, amma shekara shida yaransu ba su taka gida ba. Ka tambaya a ce maka "hanya ba kyau". Hanyar da ta yi kyau ga buhun barkono ita ce ba ta da kyau ga iyali? Idan aka tona, abin da ke hana da yawa daga cikinmu kunya ce. Mutumin da aka sani yana zaune a babban birnin jiha ba ya son ya sauka hannu rabbana. Dole a ɗinka wa yara shadda, a kai wa kowace goggo turmin atamfa, a cika bayan mota da doya da shinkafa da ƙuli-ƙulin Bida, a riƙe sabbin kuɗi na rabawa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota ya bi ta. Sai mutum ya haɗa lissafi ya ga ba zai iya fita kunya ba, sai ya ɗora wa 'yan bindiga laifi. Tsoron daji uzuri ne karɓaɓɓe a shari'a. Tsoron a ce ka talauce ba uzuri ba ne, girman kai ne da ya sa rigar uzuri.

Wannan fariyar kuma ita ke sa ko an tashi tafiyar a yi ta a gurguje. A kashe kuɗi a tsaraba, sannan a yi rowar kujera: mutum huɗu a baya cikin Golf ko Sharon, kowa da yaro a cinya, wani ma a gaba kusa da giya, awa takwas ko tara. A tsaya sayayya har azahar, dare ya riski mota a inda bai kamata ba. A matsa sai an tafi ana gobe Sallah, ranar da direba ke gudu don ya juyo ya ƙara lodi. Mu a ganinmu wanda ya rage turmi biyu ya saya wa yaransa kujera, ya fita bayan asuba, ya tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, ya riƙe ruwa mai tsabta da gishiri da sukari na zawo da gidan sauro, ya fi kusa da ladan zumunci a kan wanda ya isa da kaya niƙi-niƙi da yara a galabaice. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya ba shi ƙasaru a tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80, mu ne muke ƙara wa kanmu nauyi.

'Yan'uwanmu na gida su ma da nasu kason. Idan baƙo ya sauka aka fara leƙen jakarsa kafin a tambayi lafiyar yara, an koya masa kada ya dawo sai ya yi kuɗi. Kuma me ya sa kullum na Minna ne zai je? Titin da ya kai Kano shi ne ya dawo Minna. An ruwaito cewa mai sada zumunci na ainihi shi ne wanda ke sadarwa ko an yanke masa, saboda haka ba mu ce a yi ramuwa ba. Amma baffan da ke ƙorafin bai san 'ya'yan ƙaninsa ba, shi da yake babba mai tafiya shi kaɗai, ya fi sauƙin motsawa a kan mace da goyo da yara uku.

Akwai kuma waɗanda maganar nan duk ba ta kansu ba ce, mu ji tsoron Allah kada mu goranta musu. Wasu daga Zamfara suke, wasu daga yankin Birnin Gwari, wasu daga Faskari ko Sabuwa, inda ƙauyen da za a kai yaron ma ya watse, dangi sun bazu cikin garuruwa. Maƙwabtanmu Gbagyi na Shiroro da Munya, waɗanda gidansu bai kai namu nisa ba, da yawa sun yi zaman gudun hijira a Kuta da Gwada da nan cikin Minna. Irin waɗannan ziyararsu ita ce su nemi inda 'yan'uwa suka sauka, ko ɗakin haya ne a Gusau ko Funtuwa ko Kontagora, su kai yara can. Dangi ake ziyarta, ko ina suka koma.

Abin da ya fi wuya shi ne tsohuwa ko tsoho da ƙarfi ya ƙare, suna cewa a kawo musu jikoki su sa musu albarka, ga hanyar garin kuma da shakka. Nan ba mu da amsa ɗaya da za ta yi wa kowa. Idan shakkar mai ƙarfi ce, muna ganin ɗa ya tafi shi kaɗai, don haƙƙin iyaye a wuyansa yake, ba a wuyan jariri ba. In da hali ya ɗauko tsohuwar ya kawo ta nan. Za ta ƙi da farko, za ta ce wa zai duba mata awaki, za ta ce zafin Minna da sauronta. A lallashe ta, a bar wa wani ɗan'uwa awakin, a ce wata guda kawai. Gidajen da suka yi haka a unguwar nan mun ga yadda yaransu suka canza: sun koyi gaisuwa, sun ji tatsuniya, sun san sunan unguwar da aka haifi ubansu da wanda ya haƙa rijiyar gidan. Idan kuma hanya ta buɗe daga baya aka kai su, ba baƙi za su sauka ba, ɗakin wadda suka sani za su nufa.