Gonar da Jama'a Suka Nome, Wa Ke da Ikon Sayar da Ita?

Akwai wata na'ura da ake ɗaurawa a fuska kamar tabarau mai kauri. Wanda ya sa ta yakan ga kansa cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, duk inda ya waiwaya sai ya ga wani sashe nata. Ivan Sutherland ya gwada irinta a Amurka tun 1968, amma shekaru da dama abin bai kankama ba. A 2012 wani saurayi ɗan shekara 19, Palmer Luckey, ya nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter domin ya ƙera mai araha, wadda ya kira Oculus Rift. Dala 250,000 ya roƙa. Mutane sama da 9,500 suka tara masa fiye da dala miliyan 2.4. A watan Maris na 2014 kamfanin Facebook ya saye Oculus a kan kimanin dala biliyan 2.

Masu gudummawa da yawa suka fusata. Ta fuskar doka ba su da abin cewa, gama ba hannun jari suka saya ba. Na'urar gwaji aka yi musu alkawari, aka kuwa ba su. A 2016 ma kamfanin ya ƙara wa waɗanda suka biya kuɗin na'urar gwajin sabuwa kyauta. To, ina laifin?

Mu da muka san yadda ake gina majami'a mun san amsar. Wani ya kawo buhun siminti, zumuntar mata ta ɗebo ruwa, matasa suka buga bulo. Ba wanda ya karɓi takardar mallaka. Duk da haka, ranar da dattawa suka sayar da ginin, ko da sun mayar wa kowa kuɗinsa ninki biyu, an ci amana, domin abin da mutane suka bayar saboda shi ya salwanta. Sarki Ahab ma bai fara da ƙwace ba. Gona mafi kyau ko kuɗi ya yi wa Nabot tayi, Nabot ya ƙi, saboda gādo ce. Ba na cewa Luckey ya yi aikin mugunta. Ƙera irin wannan na'ura yana cin dukiyar da gudummawa ba za ta iya ɗauka ba. Amma yawancin waɗanda suka taimake shi sun yi zaton gonar kowa suke nomewa, ga shi kuwa ba wanda ya shawarce su.

Tsoronsu yana da tushe. Mai wannan na'ura shi ke tsara abin da idonka zai gani, na'urar kuma tana bin motsin kanka da na hannuwanka. A 2020 aka tilasta wa sababbin masu amfani da ita shiga da asusun Facebook. Sai a 2022, bayan kamfanin ya koma Meta, aka janye wannan sharaɗi, aka musanya shi da wani asusu na kamfanin dai.

Waɗansu sun nemi mafita ta hanyar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa yake da izinin duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa tafarkin da Richard Stallman ya soma a 1983. A 2015 kamfanonin Razer da Sensics suka fito da OSVR da wannan niyya. Bai yi nisa ba, ya dushe cikin 'yan shekaru. Masu saye sun bi wadda ta fi daɗin amfani, kuma da wuya a ga laifinsu. A nan ne nake ganin hakkin ya dawo wuyanmu: muna kuka da mulkin manyan kamfanoni, amma ba mu yarda mu sha 'yar wahalar da 'yanci yake bukata ba.

Abin da ya ɗore shi ne OpenXR, ƙa'idar bai ɗaya da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2019, domin manhaja ɗaya ta yi aiki a na'urorin kamfanoni dabam dabam. Akwai kuma Monado, buɗaɗɗiyar manhaja da ke bin wannan ƙa'ida. Meta da kansa yana cikin masu amfani da OpenXR, amma kasuwar manhajojin da ke cikin na'urorinsa shi yake riƙe da makullinta.